Lauya yace sasanci za'a yi, to me ya kawo shirin shari'a?

Ummu Sadiq:
Slm jama'a, dan Allah masu ilimin shari'a a taimaka min da bayani. Yayata ce ke zaune a Amurka aurenta ya mutu, ita da mijin duk sun yarda kowa ya kama gabansa, babu mai son a tsaya gaban alƙali ana tona asirin juna, abinda ya rage kawai rabon dukiya da maganar yara. Ta ɗauki lauya, tun ranar farko yace mata shima sasanci yake so ayi. To amma tunda aka fara kullum cikin neman takardu yake, yau ta kawo bayanan banki, gobe takardun haraji, jibi na fansho, ya turawa lauyan mijin tambayoyi a rubuce, har yana maganar a nemi kotu ta saka ranar shari'a. Ita kuma da awa take biyansa. Nace mata anya ba cin kuɗinki kawai yake ba? wanda zai sasanta meye nasa da shirin faɗa?

Malam Sani:
Wa alaikis salam. Amsar ai a fili take, wanda ake biya da awa baya son magana ta ƙare da wuri. Kowace takarda ta kawo sai ya karanta ya rubuta mata kuɗin karatun. Kice ta kira mijin su zauna su biyu su raba abinsu, su kaiwa lauyan ya buga a takarda shikenan.

Barista Hajara:
Haba Malam Sani, ka haɗa mu gaba ɗaya ka yanke mana hukunci ko shaida baka saurara ba. Ummu Sadiq ni a Ingila nake aiki ba Amurka ba, kuma ban san lauyan yayarki ba balle na rantse akansa, amma abubuwan da kika lissafa sune dai abinda lauyan kirki yake yi. Ki duba, idan aka zauna sasanci mijin yace ga rabinki, rabin me? idan bata san adadin abinda ke akwai ba ai duk abinda aka miƙo mata sunansa rabi. Sannan abinda mutane basu cika lura dashi ba, duk tayin da ɗaya ɓangaren zai yi yana yinsa ne yana lissafin me zai sameshi idan magana ta kai gaban alƙali, ba tausayi bane ba kuma kunya ba, lissafi ne zalla. Idan lauyansa ya duba yaga naku bai nemi takarda ko ɗaya ba, bashi da shaida, bai san darajar gidan ba, ya riga ya san bazaku iya shiga kotu ba, sai ya baku abinda yaga dama ku karɓa ko ku bari. Amma ranar da yaga fayil ya cika, tambayoyin da aka turo masa na wanda ya san inda kuɗin suke ne, da kansa zai koma ya cewa wanda yake karewa malam gara mu bada a nan, can ciki yafi haka tsada. Mafi yawan shari'un saki ba sa kaiwa ga cikakken zama gaban alƙali, a hanya ake daidaitawa, kuma waɗanda nake gani an daidaita da kyau kusan duk waɗanda aka shirya musu ne kamar za'a shiga.

Ɗan Jami'a:
Anti Barista wannan maganar taki akwai ta a karatunmu. Wasu malaman shari'a biyu, Robert Mnookin da Lewis Kornhauser, sun yi rubutu a mujallar shari'a ta jami'ar Yale a 1979, kuma akan saki ma suka yi shi. Abinda suka nuna shine ma'aurata masu rabuwa ko basu taka kotu ba, cinikin da suke yi a ƙarƙashin inuwar doka suke yinsa, kowa yana auna abinda alƙali zai iya bashi da kuɗin da zai kashe kafin yakai can da kuma yadda yake jin tsoron kasada.

Malam Sani:
Wannan duk turancin makaranta ne yaro. Ni tambayata ɗaya, mutanen nan sunce sun yarda da juna, wa ya aiki lauya ya tono abinda ba'a tambayeshi ba?

Yusuf:
Malam Sani doka ce ta aikeshi. Ina aiki a ofishin lauyoyi a Amurka a matsayin mataimaki, fayilolin nan ta hannuna suke bi. Hajiya Ummu Sadiq a wace jiha take? saboda saki a nan dokar jiha ce ba ta tarayya ba, kuma bambancin ba kaɗan bane.

Ummu Sadiq:
Kalifoniya ce Malam Yusuf.

Yusuf:
To kinga ma. Kalifoniya tana cikin jihohi 9 da suke ɗaukar duk abinda aka samu cikin zaman aure a matsayin na su biyu ne, irin su Texas da Arizona da Nevada, kuma a Kalifoniya idan alƙali ne zai raba daidai wa daida yake rabawa. Sauran jihohin alƙali yake duba abinda yaga adalci ne, ba lallai rabi da rabi ba. To a tsarin rabi da rabi duk rigimar tana komawa kan abu biyu, wanne ne dukiyar aure wanne ne na mutum shi kaɗai wanda ya shigo dashi ko ya gada, sannan nawa ne darajar kowanne. Babu yadda za'a amsa waɗannan babu takardu. Kuma a jihar dole ne kowa ya cika takardar bayyana dukiya da bashi da kuɗin shiga, yasa hannu akan cewa idan ƙarya ce a hukuntashi, ya miƙawa ɗayan, ko da kuwa kun daidaita tun a mota kafin ku iso. Wanda ya shigar da ƙarar kwana 60 aka bashi. Don haka rabin abinda lauyan yake nema a wajenta ma ba shirin faɗa bane, sharaɗin kotu ne. Sannan ko yau suka sa hannu auren baya warwarewa a doka sai an cika wata 6 daga ranar da aka miƙawa ɗayan takardar ƙara, kinga akwai lokacin da dole a jira, gara ayi amfani dashi.

Akwai wata shari'a da duk wanda yayi aikin nan a jihar ya santa, shari'ar Rossi. Mata ce taci kuɗin caca kusan dala miliyan 1.3 a ƙarshen 1996, kwanaki kaɗan bayan haka ta nemi saki bayan shekara 25 da aure, bata rubuta kuɗin a takardar bayyana dukiya ba. Aka rabu lafiya. Sai a 1999 wata wasiƙa ta faɗo gidan tsohon mijin akan maganar kuɗin, ya koma kotu, alƙali ya bashi kuɗin gaba ɗaya ba rabi ba, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a 2001. Shima ai ya yarda da ita ne Malam Sani, shekara 25 fa.

Malam Sani:
Toh fa. Amma wannan ai wasiƙa ce ta tona ba lauya ba.

Yusuf:
Hakane, kuma shine abin tsoron, sa'a ce kawai ta taimakeshi. Nawa ne wasiƙar bata taɓa zuwa musu ba? Lauya mai shiri baya jiran sa'a, yana da hanyoyin da doka ta bashi, tambayoyi a rubuce da ake amsawa da rantsuwa, neman a kawo takardu, sammaci kai tsaye zuwa banki ko wajen aikin mutum ba sai an roƙeshi ba, sai kuma babbar, a zaunar da mutum a ofis ya rantse lauya yana masa tambayoyi ana rubuta kowace kalma tun kafin ranar kotu. Wlh na sha ganin wanda yake cika baki wata da watanni, bayan wannan zaman da sati ɗaya lauyansa ya kira yace ku zo muyi magana. Ba wai an ci mutuncinsa bane, kawai ya ɗanɗana yadda ranar zata kasance ne, kuma abinda ya faɗa ya riga ya shiga takarda bazai iya canzawa ba.

Bello Akanta:
Bari na shigo ta ɓangarenmu na lissafi, saboda ni ba ɓoye dukiya ne yafi bani tsoro ba, rashin sani ne, mutane biyu masu gaskiya zasu iya zama su raba abu ɗaya ya cutu ba tare da kowa yayi niyya ba. Misali mata tace ni a bar min gidan saboda yara kai ka riƙe fanshonka, a baki kamar an yi daidai, amma gidan akwai bashin banki akansa da harajin shekara da gyara, fanshon kuma wani irin ne da ba'a sanin darajarsa sai an kira masanin lissafinsa. Ko a juya, shi ya ɗauki tsabar kuɗi ita a bata asusun ritaya mai adadi iri ɗaya, alhali nata idan ta tashi cira sai an cire haraji nasa kuwa an riga an cire. Adadi ɗaya a takarda, a aljihu ba ɗaya ba. Sannan fanshon ma'aikacin kamfani a Amurka ba'a raba shi da yarjejeniyar saki kawai, sai an samu wani umarnin kotu na daban da ake kira QDRO wanda masu riƙe da asusun zasu amince dashi, tun 1984 tsarin yake. Kuɗin ciyarwa da ake biyan tsohuwar mata ko tsohon miji shima lissafinsa ya canza, duk yarjejeniyar da aka yi daga farkon 2019 mai biya baya cirewa daga harajin tarayya, mai karɓa kuma baya biyan haraji akai, da can akasin haka ne. Idan kuwa akwai kamfani ko sana'a a tsakani to nan ne ake kwana, mai kamfanin kullum a shekarar saki kasuwa take lalacewa, ikon Allah. Sai an duba littattafan shekarun baya kafin a gane ko da gaske ne.

Fa'iza:
Hhhh a shekarar saki kasuwa take lalacewa, Malam Bello ka kasheni. Ni da nice ita wayarsa zan buɗe na kwafe komai na turawa lauyan, an huta da biyan awa.

Barista Hajara:
Ƙanwata kul. Kada ki bawa kowa wannan shawarar. A nan Ingila tun shari'ar Imerman a 2010 kotun ɗaukaka ƙara tace miji ko mata bashi da ikon kwasar takardun sirrin ɗayan a ɓoye, ko da yana zargin ana ɓoye dukiya ne, kuma idan aka kawowa lauya irinsu bazai zauna ya karanta ba, mayarwa ake yi. A Amurka ma shiga imel ko wayar wani babu izini zai iya zama laifi. Sai ki tashi daga mai gaskiya ki koma mai kare kanta, kin bawa ɗayan makamin ciniki a kyauta. Akwai hanyar da aka tanada, a bi ta.

Yusuf:
Kuma kada ta goge komai nata, saƙonni ko abinda ta saka a Facebook, gogewa bayan an fara shari'a yafi abinda aka goge muni a idon alƙali. Sannan a Kalifoniya da zarar an fara akwai umarnin da yake hawa kan su biyun kai tsaye, a jikin takardar sammacin yake, ba'a kwashe dukiya ba'a canza inshora ba'a fitar da yara daga jihar sai da yardar ɗayan a rubuce ko izinin kotu.

Anti Rabi:
Na karanta duka, kuma gsky ban yarda da ku ɗari bisa ɗari ba. Aikina shiga tsakanin iyayen da suka rabu ne, ni nake ganin abinda ya rage bayan lauyoyi sun rufe fayil. Maganar kuɗi na yarda, a tona a lissafa. Amma a maganar yara wannan shirin da kuke yabo guba ne wani lokacin. Domin menene shirin shari'ar riƙon yara? zama ne ka rubuta duk ranar da uwar 'ya'yanka tayi kuskure, ita ma ta rubuta naka, a kira malaman makaranta da likita da maƙwabta, kowa ya karanta abinda ɗayan ya rubuta akansa da rantsuwa. Ko an sasanta daga baya wannan takardar bata fita daga zuciya, kuma mutanen nan zasu ci gaba da haɗuwa akan yaran nan shekara goma ko fiye. Na ga iyayen da suka shigo suna gaisawa suka fita basa iya haɗa ido. Shiyasa ma wani lauya a Minnesota, Stuart Webb, ya fito da wani tsari a 1990 bayan ya gaji da irin wannan, lauyoyin biyu su sa hannu tun farko cewa idan sasanci ya rushe aka tafi kotu dukansu sun sauka, sai dai a ɗauki sabbi. Kinga a nan babu mai yiwa wani barazana da kotu, kuma ana daidaitawa. Kalifoniyar ma da ake magana tun 1981 ta wajabta a fara zuwa wajen mai shiga tsakani idan akwai saɓani akan riƙon yara kafin alƙali ya saurara. Ba banza suka yi haka ba.

Barista Hajara:
Anti Rabi maganarki akan yara gaskiya ce bazan musa ba, kuma akwai lauyoyin da basu san bambancin shiri da tsokana ba, su rubuta wasiƙa mai zafi su ɗauka aiki suka yi. Amma ko tsarin da kika kawo ai ba'a yinsa a makance, sharaɗinsa na farko kowa ya buɗe dukiyarsa gaba ɗaya, ana kiran akanta ana kiran mai kimanta gida, kowane lauya yana faɗawa nasa abinda kotu zata iya yi. Aikin dai shine, barazanar ce aka cire. Kuma yana tafiya ne idan duka biyun masu gaskiya ne kuma babu wanda yake tsoron wani. Idan ɗaya ya saba danne ɗaya a cikin auren, ko akwai duka, ki zaunar dasu a teburi babu kotu a bayan mai raunin, wa kike ganin zai bari?

Sannan akwai amfanin shiri da ba'a faɗa, kuma a wajena shine babba. Ba ɗaya ɓangaren kaɗai yake saukarwa ba, wanda kake karewa ma yana saukar dashi. Mutum yana zuwa ofis da zafin zuciya, shi a ganinsa alƙali zai ji yadda aka ci amanarsa ya miƙe tsaye ya bashi komai. Sai ka zaunar dashi ka nuna masa cewa a mafi yawan lokuta kotu bata raba dukiya da laifin wanda ya kashe auren, Kalifoniya tun 1970 ta daina tambayar laifin waye, New York ce ta ƙarshe a jihohin Amurka a 2010, mu a Ingila sai Afrilun 2022. Ka ɗauko takardunsa kayi masa irin tambayoyin da lauyan can zai masa, kace wannan kuɗin da ka fitar a watan kaza ina suka je, wannan saƙon da ka tura da tsakar dare zaka iya karanta shi da ƙarfi gaban alƙali? A nan zaki ga mutum yayi sanyi. Wanda jiya yake cewa ko sisi bazan bari ba yau shine yake tambaya to Barista nawa kike ganin ya dace. Ba zan iya kawo shi wannan matsayin da wa'azi ba, sai da fayil.

A Ingila ma kotun da kanta ta gina tsarin akan haka. Kowa ya cika Fom E, takardar bayyana dukiya, da bayanan banki na wata 12, a yi zaman farko a tsara abinda ya rage, sai a yi wani zama da ake kira FDR inda alƙali zai karanta komai ya ji tayin kowa ya faɗa musu a fili inda yake ganin hukunci zai faɗa idan aka ci gaba. Wannan alƙalin idan ba'a daidaita ba bashi zai yanke hukuncin ƙarshe ba, don kowa ya saki jiki yayi magana. Da yawa a ranar suke gamawa. Amma kizo wannan zaman baki san darajar fansho ba, alƙalin bashi da abinda zai faɗa, an yi asarar ranar.

Anti Rabi:
Na ji Barista. Inda akwai duka ko tsoro ni kaina bana zaunar dasu ɗaki ɗaya. Amma dai a bambanta fayil ɗin kuɗi da na yara, abinda nake roƙo kenan. Shirin yara ya zama jadawali ne, wa zai kai makaranta, hutu a ina, idan ɗaya zai tashi daga garin ya za'ayi, ba jerin zunubai ba. Alƙalin ma maslahar yaron yake dubawa ba wanda yafi iya ɓata ɗan uwansa ba.

Alhaji Baba:
'Ya'yana na ji bayananku Allah ya ƙara basira. Amma duk misalan da kuke kawowa na masu miliyoyi ne da kamfanoni. Wanda dukiyarsa gida ɗaya ce da ake biyan bashinsa da mota da albashi fa? a kira akanta a kira mai kimantawa a yi zaman rantsuwa, kafin a gama ai abinda ake rabawar ya tafi wajen masu rabon. Malam Sani bai yi ƙarya gaba ɗaya ba.

Malam Sani:
Allah ya ja kwana Alhaji, dama nasan babba zai gane.

Yusuf:
Ranka ya daɗe wannan haka yake, kuma nan ne ake gane lauya. Shiri gwargwadon abinda ake rigima akai ne. Idan duka biyun ma'aikatan albashi ne takardun haraji da na albashi da na banki sun wadatar, kuɗin kula da yara ma kowace jiha tana da ma'aunin lissafinta tun bayan dokar tarayya ta 1988, a saka albashi da yawan kwanakin da yaro yake yi wajen kowa adadi ya fito, babu wani dogon faɗa. Lauyan da zai kira zaman rantsuwa akan irin wannan ko dai akwai abinda ya hango ko kuma Malam Sani yayi gaskiya akansa. Hanyar ganewa mai sauƙi ce, ta tambayeshi kowane mataki, wannan me kake nema dashi, nawa zai ci, idan bamu yi ba me zamu rasa. Mai shiri na gaskiya amsar tana bakinsa saboda ya san abinda zai tabbatar gaban alƙali ɗaya bayan ɗaya, mai jan lokaci kuwa sai kame-kame. Ta nemi takardar kuɗinsa dalla-dalla kowane wata, haƙƙinta ne. Kuma ta sani a ƙa'idar aikin lauya ita ce mai yanke shawarar karɓar tayi ko ƙinsa ba shi ba, kuma dole ya sanar da ita idan an kawo tayi. Biyan awa ɗin ma akwai dalilinsa, an hana lauya a shari'ar saki yace a biyashi kaso daga abinda ya ƙwato, don kada ya zama yana da riba a mutuwar auren mutane. Sannan a Kalifoniya alƙali zai iya ɗorawa wanda yake kawo cikas ga sasanci da gangan kuɗin lauyan ɗayan, sashe na 271 na dokar iyali.

Barista Hajara:
Alhaji bari na ƙara abu ɗaya da mu na ciki muka sani. Kowa yana tsoron lauyan da zai ja shari'a, amma wanda yafi cutar da mutane shine lauyan da bai shirya ba. Ranar kotu ta matso, bai karanta fayil ba, bashi da shaida, shi kansa tsoron shiga yake, me zai yi? sai ya juyo kan wadda yake karewa a barandar kotu yace Hajiya ki karɓi wannan kawai, alƙalin nan ba'a san halinsa ba. Ta sa hannu tana kuka tana zaton shawara ya bata alhali kansa yake ceto. Ba'a fafe gora ranar tafiya. Shiyasa neman a saka rana ba alamar son faɗa bace, idan babu rana wanda jinkiri yake yiwa daɗi, yawanci wanda kuɗin ke hannunsa ko wanda yake zaune a gidan, bashi da dalilin motsi, zai ja har ɗayan ya gaji ya karɓi komai. Kuma gyara bayan sa hannu abu ne mai wuyar gaske. Akwai wata mata a nan Ingila, a shari'ar Sharland, mijin ya faɗawa kotu babu shirin saka kamfaninsa a kasuwar hannun jari alhali ana shirin, an daidaita a 2012, sai da ta kai har kotun ƙoli kafin a 2015 aka ce a sake buɗe maganar. Shekara uku, kuma ita tana da kuɗin bi. Mai ƙaramin ƙarfi ina zai iya.

Fa'iza:
Tambaya Anti, idan a wajen sasancin ta sauko tace na yarda da kaza, sai kuma abin ya rushe aka shiga kotu, ba zasu ce ai da bakinta ta yarda ba?

Barista Hajara:
A'a, tayin da aka yi don neman sasanci akwai kariya akansa, a nan muna rubuta shi da alamar cewa ba za'a kai shi gaban mai yanke hukunci ba, abinda aka faɗa a zaman FDR ma haka. Sai dai akwai tayin da ake yi a buɗe da gangan don alƙali ya gani, shi daban ne, lauya zai faɗa mata wanne ne wanne.

Yusuf:
A Amurka ma haka, dokar shaida ta hana a kawo tayin sasanci don a nuna mutum ya amsa, kuma Kalifoniya tana da tsauri sosai wajen sirrin abinda aka faɗa gaban mai shiga tsakani. Abinda ba'a karewa shine takardun kansu, bayanin banki baya zama sirri don kawai an ajiye shi akan teburin sasanci, za'a iya nemansa ta hanyar kotu. Kuma kariyar tana ƙarewa ne inda aka sa hannu, idan an rubuta yarjejeniya ta sa hannu ta hau kanta, don haka kada ta sa ranar da ta gaji ko ranar da akwai adadin da bata gane daga ina ya fito ba, ta ce a bata ta tafi dashi ta karanta.